Ƙwan Agwagwa Takwas Daga Zungeru

Na yi shekara arba'in da wani abu ina saye da sayar da kaji, amma babu tsuntsun da ya taɓa gajiyar da ni kamar wasu ƙwan agwagwa guda takwas, tun ma ba su zama tsuntsaye ba. Abin ya faru a Minna, 'yan shekaru bayan an gama babban yaƙin Turawa, ina zaune a wani ɗan gidan ƙasa mai ɗaki biyu a bayan tashar jirgi.

Sana'ata a lokacin ita ce bin kasuwanni. Yau Paiko, gobe Kuta, jibi ƙauyukan bayan Bosso. In sayi kaji da ƙwai a hannun matan Gwari da na Fulani, in ɗaure kwanduna a bayan keke, in kawo wa kukun Turawa da akawun reluwe da fasinjojin da jirgi ya tsaya da su. Idan na ɗaga kaza na san nauyinta. Idan na hura gashin ƙirjinta na san ko tana da kitse. Idan na ɗaga ƙwai na haska shi a rana ta cikin dunƙulen hannuna, na san na jiya ne ko na makon jiya. Amma kiwo ban taɓa yi ba. Kaza ba ta kwana uku a hannuna. Guda ɗaya ce kawai ta zauna a gidana, wata ƙatuwar gurguwa da kowa ya ɗaga ya ajiye, har na haƙura na bar ta tana tsince-tsince a tsakar gida.

Matata 'yar wani ƙauye ce kusa da Zungeru, a bakin kogin Kaduna. A shekarar tana da cikin fari. Bisa al'ada da ta koma gaban uwarta ta haihu a can, ta yi wankan jego a can. Ana saura kamar wata biyu ta haihu uwar ta kwanta ciwo, kwana huɗu ta rasu. Na kai matata aka yi zaman makoki, na dawo da ita, domin gidan babu sauran mace babba da za ta riƙe ta, kakarta kuwa ba a gidan take zaune ba. Tun daga nan ta daina magana sai abin da ya zama dole. Abinci na nan. Ruwa ya ƙare. A dawo lafiya. Ta haifi 'ya mace a tsakiyar damina, ko wannan bai buɗe mata baki ba.

Kwana biyu da haihuwar, kakar matata ta wajen uba ta sauka daga jirgin Zungeru don ta yi mata wanka. Tsohuwa ce ƙarama, busasshiya, mai ƙarfin hannu da kaifin baki, kuma tun ranar aurenmu ba ta taɓa kirana da komai ba sai angonta. Na je tasha tarbarta, na karɓi ƙunshin kayanta, na miƙa hannu zan karɓi wata ƙwarya da ta rungume a ƙirji, ta kauce.

"Kai, angona, janye hannunka. Wannan ba kayan keke ba ne."

"Me ke ciki, Kaka? Zinariya?"

"Abin da ya fi ƙarfin aljihunka."

Sai da muka isa gida ta buɗe a gaban matata. Ƙwai ne takwas, manya, masu maiƙo-maiƙo, kwance cikin ƙaiƙayi. Ta ce 'yan'uwan matata maza sun sayar da agwagin marigayiya gaba ɗaya ga wasu masunta, tun da babu mai kula da su. Ita ce ta leƙa bayan rumbu ta tarar da waɗannan a gurbi, ta kwashe kafin kowa ya gani. Tukwane da tufafi an raba. Abu mai rai da ya rage na uwar, shi ke nan a cikin ƙwaryar.

Matata ta sa yatsa ta taɓa ɗaya. Sannan ta dube ni, karo na farko cikin makonni da ta dube ni a ido.

"Maigida, za su yi?"

Na ce, "Ƙwai ne fa. Ni da ƙwai? Ki sa a ranki sun yi."

Aka yi sa'a gurguwar kazar ta fara kwanci kwana biyu kafin nan, a akurkin bayan ɗaki. Kaka ta ce in sa mata su. Ta ce agwagwa ba kaza ba ce, kwananta talatin da biyar, kuma kaza za ta jure zaman muddin ba ta ji komai ya motsa a ƙarƙashinta ba. Ta ƙara da cewa, "Ka kwashe nata duka. Duka na ce." Na ce to.

Na je akurki na ɗaga kazar. Ƙwanta biyar. Na kwashe su na tsaya da su a hannu. Ƙwan da aka kwanta wa kwana biyu ba ya sayuwa, ba na kai wa kuku irinsa. Zubarwa ke nan. Ni kuwa da na fara sana'a da kaza ɗaya a hammata, hannuna bai iya zubar da abu ba. Na jera na agwagwar, na ga akwai ɗan sarari a gefe, na ce a raina, biyu kawai, me biyu za su ɓata? Na mayar da biyu, na kai wa Kaka uku na ce ga su nan. Idonta ba ya gani sosai, kuma wanka ya sha mata kai, ba ta taɓa ɗaga kazar ta duba ba.

Kwana goma sha tara komai lafiya. Rana ta ashirin na dawo daga Kuta da la'asar, jiƙe sharkaf, na jingine keke, sai na ga gurguwar a tsakar gida tana tona ƙasa, 'yan tsaki biyu na bin ta. Kaka na zaune a bakin murhu tana tura itace ƙarƙashin tukunyar wanka. Ba ta ko juyo ba.

"Barka da arziki, angona. Agwagwarka ta haifi kaji."

Na ruga akurki. Ƙwai takwas a fili, babu kowa a kansu. Kaka ta riga ta rufa musu tsumma, amma da na sa su a kumatuna ɗumin kaɗan ya rage. Na kamo kazar na danna ta a kansu, ta miƙe. Na sake dannawa, ta tsattsage ni a hannu ta fice wajen 'ya'yanta. A wajenta aiki ya ƙare. Saura kwana goma sha shida.

Na roƙi Kaka kada ta faɗa wa matata. Matata tana ɗaki, ba ta fitowa sai bayan gida wajen wanka, ba za ta lura ba. Na ce zan gyara.

"Ni ba zan faɗa ba," in ji ta. "Amma idan ta tambaye ni ba zan yi ƙarya da furfura ba."

Washegari ban je kasuwa ba. Na zaga unguwa har Ketaren Gwari ina neman kaza mai kwanci, na samo ɗaya, na ɗauko ta a kwando. Ashe kaza mai kwanci gurbinta take wa, ba kowane gurbi ba. Ta tsaya a kan ƙwan tana ƙyarƙyara, ta taka ɗaya ya fashe. Na ga abin da ke ciki, ya riga ya yi ido da baki. Na tona rami na rufe shi. Saura bakwai.

Daga nan na zama kaza da kaina. Na samo tsohon kasko na zuba toka mai ɗumi, na ɗora ƙwarya cike da ƙaiƙayi da audugar rimi, na binne ƙwan a ciki, na ajiye a lungun madafa. Wahalar ita ce toka ba ta da alkawari. Yanzu ta yi zafi har ka ji tsoron ka dafa su, an jima kaɗan ta huce kamar ba a taɓa hura wuta ba. Ga marka ta sauka, ruwa yaf-yaf tun safe har yamma, iska mai sanyi na shigowa ta ƙarƙashin zana. Ina canza toka, ina taɓa ƙwai da bayan hannu, ina cire auduga, ina mayar da auduga. Barci ya zama guntu-guntu. Na yi sallar asuba a rana ta uku ina gyangyaɗi a tahiya.

A rana ta huɗu rana ta ɗan leƙo. Na shiga ɗakina na rufe ƙofa, na riƙa ɗaga su ɗaya-ɗaya a saitin wani rami da haske ke shigowa. Duk rayuwata ƙwai mai haske nake nema, wanda ya yi duhu in jefar. Ranar nan duhu nake roƙo. Biyar sun yi duhu, da ɗan sarari a kai, har na ga inuwa ta motsa a cikin biyu. Sauran biyun ruwa ne kawai ke kaiwa da komowa, da wani baƙin zobe. Sun mutu, ko sanyi ko zafina.

Na fito na zauna kusa da Kaka. Tana dama kunun kanwa.

"Biyar," na ce.

"Gobe huɗu, jibi uku." Ta ɗaga ludayi ta duba kaurin kunun. "Kai da kake da wayo, gaya mini, a duk gidan nan ina ne wuta ba ta mutuwa, kuma ba ta ci da yawa?"

Na sani. Gadon ƙasa na ɗakin matata. Mai jego a kan gadon ƙasa take kwana, da garwashi a ƙarƙashi, ana ƙara shi safe da yamma daga wutar wanka. Ƙasar gadon tana shan zafi a hankali, tana sakinsa a hankali. Ɗakin kansa kullum a rufe, kullum da ɗumi. Tun ranar farko ya kamata ƙwaryar ta shiga can, kuma Kaka ta sani tun ranar farko. Ta bar ni ne in zo da ƙafata.

"Ki kai mata," na ce.

"Ni na bar ƙwan kaza a gurbi?"

Na jira aka gama wankan safe. Matata ta dawo ɗaki jikinta na tururi, tana ƙamshin ganyen runhu, ta zauna a bakin gado da jaririyar a cinya. Na yi sallama na durƙusa a bakin ƙofa da ƙwaryar a gabana. A kasuwa na iya kewaye magana har mai saye ya manta abin da ya tambaya. A nan ban kewaya ba. Na ce an ce in kwashe duka, na bar biyu, kaza ta tashi, na ɓoye mata kwana huɗu, uku sun lalace.

Ta dubi ƙwaryar, sannan ta dube ni.

"Na kazar sun ƙyanƙyashe?"

"Sun ƙyanƙyashe."

"Duka biyun?"

"Duka."

"To, ka ci riba."

Na sha zagi a kasuwanni da harsuna huɗu, babu wanda ya zauna mini kamar wannan. Ta kwantar da yarinyar, ta ce, "Miƙo." Ta ɗauki ƙwan ɗaya-ɗaya tana ɗora su a kan fatar idonta. Ta ce audugar ta yi yawa. Ta ce sun bushe, wa ya ce a bar ƙwan agwagwa a bushe? Uwarsu kullum sai ta je ruwa ta dawo ta kwanta musu da jiƙaƙƙen ƙirji. Ta sa aka kawo gawayi ta yi wa kowanne ɗigo a gefe ɗaya, don a san wanda aka juya. Ta laluba jikin gadon da tafin hannu, daga kai zuwa ƙafa, har ta sami wurin da take so, can wajen ƙafa ta jikin bango, ta ajiye ƙwaryar.

"Naka itace ne," ta ce. "Kada gadon nan ya huce."

Kwana goma sha biyu ke nan da suka rage, kuma su ne na fi tunawa a ƙashina. Dama wankan jego cin itace gare shi, babbar tukunya sau biyu a rana. Yanzu ga garwashi da za a riƙa ƙarawa tsakani. Itacen da na tara kafin haihuwa ya ƙare. Na damina kuwa jiƙaƙƙe ne, hayaƙi yake ba wuta ba. Na riƙa fita da sassafe ina tare matan Gwari a hanyar Bosso, suna tafe da itace a kafaɗa, ina zaɓen mai ƙwari kamar yadda nake zaɓen kaji. Wata dattijuwa cikinsu da na saba sayen ƙwai a hannunta ta tsaya ta dube ni sama da ƙasa.

"Mai kaji, ka bar kaji? Kullum itace, kullum itace. Matarka ya haifi mutum nawa?"

"Shida," na ce. "Ɗaya ta fito, biyar na hanya."

Ta yi dariya har sai da ta sauke kayanta.

In kawo, in faskara, in jera a bakin murhu ya sha iska, in hura, in jira ya zama garwashi, in kwasa a kasko in miƙa ta bakin ƙofa. Idona ya yi ja da hayaƙi. Tafin hannuna ya yi kanta a wuraren da keke bai taɓa sa shi ba. Kasuwar Paiko ta ci sau biyu ba ni. Kukun wani Bature da na shekara uku ina kai wa kaji ya aiko sau ɗaya, ya aiko sau biyu, na uku ya koma wajen wani, bai kuma dawo ba har aka yi wa maigidansa canji.

Amma ina bakin murhu ina jin murya daga ɗaki. Matata ce ke magana da Kaka. Da farko a kan ƙwai ne, an juya, ba a juya ba, a miƙo ruwan ɗumi ta yayyafa da yatsu. Daga baya ta koma kan uwarta. Yadda take kiran agwagi da yamma da buga ƙwarya, yadda suke hawowa daga kogi a jere, yadda wani tsohon toron agwagwa ya taɓa korar mai karɓar haraji har bakin hanya. Ranar da na ji ta yi dariya, gajeriya, na tsaya da gatari a sama.

Ɗaya daga cikin biyar ɗin ya zama baragurbi. Bai yi sallama ba, ya fashe da hantsi, ɗakin mai jego ya ɗauki wari har maƙwabta suka leƙo. Ni na kwashe ƙaiƙayin, na wanke ƙwaryar, na goge sauran huɗun da tsumma mai ɗumi, Kaka na tsaye a kaina da hanci a toshe tana cewa, "A hankali, angona, ba kwandon kasuwa ba ne."

A kwana na talatin da uku matata ta kira ni da kanta. Ta ɗora mini ƙwai a kunne. Ciki ana ƙwanƙwasawa, ƙas, ƙas, da wani siririn kuka. Washegari huɗun duka suka huda. Na zaci an gama. Ashe ɗan agwagwa ba ya gaggawa. Ya huda ya kwanta, wuni guda ba abin da ya ƙaru sai ɗan baki da ke leƙowa yana buɗewa yana rufewa. Na kasa zama. Na ce bari in ɗan taimaka wa wancan na gefe da farce, ya fi sauran rauni.

"A'a," in ji matata.

"Kaɗan fa. In ɗan buɗe masa."

"Inna ba ta taɓa ɓare ƙwai ba. Jini ne a jikin ɓawon. Ka bar shi."

Na bar shi. Uku suka fito a rana ta talatin da biyar, tsakanin hantsi da la'asar, jiƙaƙƙu, munana, wuya kamar zare, suka kwanta kamar matattu kafin su bushe su zama rawaya da baƙi. Na huɗun, wanda na so in taimaka wa, bai fito ba. Da yamma bakin ya daina motsi. Har yau ban sani ba ko farcena zai cece shi ko zai kashe shi da wuri. Bayan abin da na yi, ba ni da bakin cewa da an bi tawa.

Matata ta tattara ukun a zaninta, kusa da yarinyar, tana shafa su da yatsa ɗaya. Ta yi kuka sosai, irin wanda ba ta yi ba a wajen makoki. Kaka ta ja ni waje ta ce in ba ta wuri. Na zauna a kan turmi, na jingina da bango, ban farka ba sai da aka kira magariba.

Kwana biyu bayan nan aka yi arba'in, aka kashe wutar gado. Na ce a yanka gurguwar kazar a yi wa baƙi miya. Matata ta ce ba za a taɓa ta ba, ita ta yi kwana goma sha tara ba ta yi wa kowa ƙarya ba. Kazar ta mutu da tsufa a gidan.

Cikin ukun, shaho ya ɗauki ɗaya tun ba su yi wata ba. Biyun da suka rage Allah ya sa mace da namiji ne. Na haƙa musu ɗan rami a bayan ɗaki, na binne rabin garwa, kuma shekara da shekaru ni ne mai cika ta da ruwa kafin in fita kasuwa. Daga su gidan ya cika. Wanda bai zauna da agwagi ba bai san ƙazanta ba. Tsakar gida kullum caɓi, ba ka ajiye takalmi, ba ka shanya hatsi, ba ka shimfiɗa tabarma sai ka duba. Ita mace ta kwanta wa nata ƙwan da kanta, ban ƙara zama kazar kowa ba.

Duk ƙarshen shekara masu dafa wa Turawan bariki abinci sukan zo neman agwagwa don bikin iyayen gidansu, su tsaya a ƙofar gida suna jin kukansu ta kan katanga, su ce in faɗi abin da nake so. Ni da ban taɓa ganin abu mai fiffike ban yi masa kuɗi a raina ba, sai in ce musu ba nawa ba ne, su tambayi mai su. Mai su kuwa daga cikin gida take amsawa, ba ta ko fitowa.

"A ce musu babu."